Daga Ain Zara Zuwa Dresden

Ranar 1 ga Nuwamba 1911, wani matuƙin jirgin saman Italiya mai suna Giulio Gavotti ya miƙa hannu daga cikin jirginsa ya jefa gurneti huɗu a kan Ain Zara da Tajura, kusa da Tarabulus a ƙasar Libiya. Wannan ne karo na farko da aka jefa bam daga jirgin sama a fagen yaƙi. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma daga ranar ƙofa ta buɗe.

Shekaru ashirin da biyar da suka biyo baya, a ƙasashen da suke mulka Turawa suka koyi wannan sana'a. Ingila ta yi ruwan bamabamai a kan mayaƙan Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan a Somaliya a 1920, sannan ta riƙa ƙona ƙauyukan Iraƙi da suka yi mata tawaye ko suka ƙi biyan haraji. Italiya ta zuba iska mai guba a Habasha a 1935 da 1936. Lissafinsu ɗaya ne: jirgi ya fi bataliya araha, kuma in aka firgita talakawa, shugabanninsu za su miƙa wuya.

Cikin hafsoshin da suka yi aiki a Iraƙi akwai Arthur Harris. Shi aka ɗora a kan rundunar jiragen bam ta Ingila a Fabrairun 1942. Kafin nan Jamus ta riga ta ragargaza Warsaw da Rotterdam da Coventry, dabarar ta baro ƙasashen mallaka ta shigo tsakar gidan Turai. Harris ya yi imani cewa ƙona birane ne zai kawo ƙarshen yaƙin.

A daren 13 ga Fabrairu 1945, jiragen Ingila kusan 800 suka nufi Dresden, birnin da ke cike da 'yan gudun hijira masu tsere wa sojojin Rasha. Da farko aka saki manyan bamabamai masu fasa rufin gidaje da tagogi, sai aka bi su da masu tada gobara. Zango na biyu ya iso bayan kamar awa uku, daidai lokacin da 'yan kwana-kwana suka fito aiki. Gobarar ta haɗe ta zama guguwar wuta mai zuƙe iska, har mutane da yawa suka mutu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa saboda rashin numfashi. Washegari da rana jiragen Amurka suka ɗora. Farfagandar 'yan Nazi ta ce mutum 200,000 suka mutu. Kwamitin masana tarihi da birnin ya kafa ya bayyana a 2010 cewa ba su wuce 25,000 ba.

To, ko lissafin ya yi daidai? Mutanen London ba su miƙa wuya ba, haka ma na Hamburg da aka ƙona a Yulin 1943. Ƙera makamai a Jamus sai a 1944 ya kai ƙololuwa. Abin da ya fi karya ta daga sama shi ne hare-hare kan matatun mai da hanyoyin jirgin ƙasa, kuma ba ta sallama ba sai a Mayun 1945, bayan sojojin ƙasa sun shiga Berlin.

Sai a 1977 ƙarin yarjejeniyar Geneva ya haramta ɗaukar gari sukutum a matsayin abin hari guda. Duk da haka mun ga Grozny, mun ga Halab. Hausawa na cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Da Turai ta ji kukan ƙauyukan Iraƙi da Habasha tun da wuri, wataƙila da wannan doka ba ta jira Dresden ba.