Yadda Sukari Ya Kama Mu a Arlit

Ƴan'uwa, duk sanda aka tayar da zancen ƙiba da ciwon sukari a Arlit ko Akokan, sai ka ji an ce ai mutum ne bai iya riƙe bakinsa ba. Ni kam ina ganin kwaɗayin zaƙin nan yana da tarihi, kuma tarihin bai daɗe ba.

Mutanen Abzin na dā, gero da nono da cuku da dabino ne cimarsu. Tukuɗi ne guzurin masu ayarin gishirin Bilma. Ƙiba a lokacin ado ce: a gidajen manya ɗura wa yarinya madara ake yi har ta cika, don a san gidansu akwai dabbobi. Shayi kuwa baƙo ne. Ganyensa daga Sin yake fitowa, ya bazu a Maroko a ƙarni na 19, sannan fatake suka ƙetaro Sahara da shi tare da curin sukari. Tsada gare shi, ba kowa ke samu ba.

Yuraniyom ne ya sauya lissafin a nan. Somaïr ta fara fitar da shi a Arlit a 1971, Cominak a Akokan a 1978. Albashi ya zo, kantuna suka buɗe, kwalta ta iso daga Tawa. Shinkafa, taliya, burodi, madarar gwangwani, lemun kwalba: abin ranar salla ya koma na kullum. An rufe Cominak a 2021, Imuraren da aka gano tun 1966 tana nan ana jira, amma butar shayi ba ta sauka daga garwashi a fada ba.

A 2009 masana a jami'ar Yale ta Amurka suka fitar da ma'aunin jarabar abinci. Cikin alamun akwai mutum ya so bari ya kasa, ko ya ci gaba alhali yana cutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2015 kada sukari ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wajen giram 50 ga babba. To, ku auna abin da ke shiga zagaye uku na shayi, safe da yamma da dare.

Shi ya sa idan likita ya ce wa mai ƙiba ya rage ci kawai, maganar ba ta cika zama ba. A wurinmu ƙin karɓar kofi kamar ƙin zumunci ne. Da taro muka koyi abin nan, sai da taro zai ragu: mai dafa shayin fada ya fara rage hannu, sauran kuma kada su yi masa tsiya.