Akwatin da Ke Ninka Muryar Jita: Tarihin Fedar Oktaf daga Landan zuwa Shenzhen

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ana wasan Turai ya san wannan amon, ko da bai san sunansa ba: sautuka bakwai masu kauri da dubban 'yan kallo ke rerawa baki ɗaya idan ƙwallo ta shiga raga. Asalinsu waƙar "Seven Nation Army" ce, wadda ƙungiyar The White Stripes ta birnin Detroit ta fitar a 2003. Magoya bayan Club Brugge ta Beljiyam ne suka fara kai ta filin wasa a watan Oktoban shekarar, ranar da suka doke AC Milan a San Siro. 'Yan Roma suka ara daga wurinsu a farkon 2006, kuma da ita a bakin magoya baya Italiya ta ɗauki Kofin Duniya a watan Yulin wannan shekarar. Mai sauraro zai rantse cewa jitar bes ce, wato babbar jita mai kaurin murya, ke buɗe waƙar. Ba ita ba ce. Mutum biyu ne kacal a ƙungiyar, Jack White da jita, Meg White da ganguna. Jita ce ta yau da kullum aka bi da sautinta ta cikin wani jan akwati da ake takawa da ƙafa, shi kuma ya saukar da muryarta da oktaf guda.

A yau matashin da ke koyon jita zai iya samun akwati mai irin wannan aiki a kan abin da bai kai dala 50 ba, ƙirar Sin, wanda bai fi tafin hannu ba. Idan ya jona shi ya gwada, zai ji abubuwan da za su sa ya yi zaton an cuce shi: sauti na rawa, yana tsalle, wani lokaci yana makara. Wasu daga cikin waɗannan aibobi alamun araha ne da gaske. Wasu kuwa gado ne na kusan shekara 60, kuma saboda su ne ma ake biyan maƙudan kuɗi a sayi tsofaffin irinsa. Ba a bambance su sai an san inda abin ya faro.

Oktaf ba wani abu ba ne illa ninki. Idan aka kaɗa tsirkiya girgiza take yi, kuma yawan girgizar a daƙiƙa guda shi ke sa sauti ya yi kauri ko ya sirance. Tsirkiyar da ta fi kauri a jita tana girgiza kusan sau 82 a daƙiƙa. Idan aka danne ta daidai tsakiya, rabin da ya saura zai girgiza kusan sau 165. Kunne ba ya ɗaukar wannan a matsayin baƙon sauti, yana jin na farkon ne ya hau sama. Haka yake faruwa idan maza da mata suka haɗu suna rera abu ɗaya: kowa na kan muryarsa, amma ba wanda zai ce sun saɓa. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes kuwa sau 41 take girgiza, rabin ta jita ke nan, wato oktaf ɗaya ƙasa. Tun kafin lantarki makaɗa suka san daɗin haɗa sauti da ninkinsa. Jita mai tsirkiya 12 a kan haka aka gina ta, kuma Wes Montgomery, gwanin kiɗan jaz, ya yi suna ne da kaɗa sautuka biyu masu tazarar oktaf da babban yatsansa. Abin da ba a samu ba shi ne na'urar da za ta yi wa mutum wannan aiki.

Wanda ya fara shahara da ita ba makaɗi ba ne. Roger Mayer matashin injiniya ne a ɗakin binciken rundunar sojan ruwan Birtaniya, inda aikinsa ya shafi nazarin sauti da girgiza. A lokacin hutunsa yakan harhaɗa wa abokansa makaɗa, irin su Jimmy Page da Jeff Beck, akwatunan da ke sa jita kaushin murya. A watan Janairun 1967 ya je kulob ɗin Bag O'Nails a Landan ya kalli wani Ba'amurke da bai fi 'yan watanni da isowa ba, Jimi Hendrix, ya kuma gaya masa yana da wani abu da babu wanda ya taɓa ji. Ranar 3 ga Fabrairu suka shiga situdiyon Olympic, aka ɗora sautin akwatin a kan waƙoƙin "Purple Haze" da "Fire". Sunan akwatin Octavia.

Dabarar da ke cikinsa tsohuwa ce, kuma mai karatu na da irinta a ɗakinsa. Sautin jita yana fita ta waya ne a matsayin lantarki mai hawa da sauka, tudu ɗaya da kwari ɗaya a kowane zagaye. Da'irar Mayer tana kama kwarin ta juyo shi sama, kamar an ajiye madubi a ƙarƙashinsa, sai ya zama inda da tudu ɗaya ne yanzu akwai biyu. Yawan girgiza ya ninka, sauti ya hau oktaf. Irin wannan juyi ne ke faruwa a cikin cajar waya lokacin da take mayar da wutar gida ta zama wadda batir zai sha. Sai dai abin da ke fitowa ba shi da tsabta ko kaɗan. Inda tudu biyu suka haɗu akwai kusurwa mai kaifi, kuma kunne yana jin kaifin a matsayin ƙara mai kama da ta ƙarfe. Idan aka kaɗa sautuka biyu tare, da'irar tana cakuɗa su ta haifi wasu sautukan da babu su a jitar, abin ya koma kamar ƙararrawar da ta tsage. Ninkin ba ya fita sarai sai an hau can saman wuyan jita, an rage kaifin murya, an kuma sassauta hannu. A ma'aunin injiniya wannan na'ura ce mai tarin naƙasu. Hendrix ya mayar da naƙasun kayan aiki, kuma wanda ya saurari abin da ya kaɗa a zauren Fillmore East na New York a ranar 1 ga Janairun 1970, wanda ya fito a faifan Band of Gypsys, zai ji yadda yake wasa da wannan kaifi da gangan.

Mayer bai kai Octavia kasuwa ba a wancan zamani. 'Yan ƙalilan ya yi, yana ta gyara su, yana ba Hendrix da wasu na kusa. Kasuwa kuwa ba ta jira shi ba. A tsakiyar shekarun 1970, bayan rasuwar Hendrix, wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya mai suna Tycobrahe ya fitar da nasa Octavia, kuma labarin da aka fi yaɗawa shi ne cewa daga ɗaya daga cikin akwatunan Mayer da aka kawo gyara aka kwafi da'irar. Sai a shekarun 1980 Mayer ya fara sayar da nasa, cikin kwanso mai siffar kumbo. A lokacin kwafin ya riga ya yi suna. Yau asalin Tycobrahe, idan an same shi, dubban daloli ake zubewa, kuma akwai kamfanin da ke ƙera kwafinsa da izini. Kwafin kwafi ke nan, ana sayar da shi da alfahari. Wannan ya kamata ya sanyaya bakin masu ganin cewa kwaikwayo a wannan sana'a daga Sin ya faro.

Hawa sama juyi ne, sauka ƙasa kuwa ƙirga ce, kuma a nan ne matsalar da ta fi damun mai gwada feda mai araha ta samo asali. Don a raba yawan girgiza biyu, dole na'ura ta gane inda kowane zagaye ya fara, ta bar ɗaya ya wuce, ta amsa a na biyu. Ana yin haka da wata 'yar da'ira da ke kunnuwa a bugu na farko ta mutu a na biyu, irin wadda ake ƙirga da ita a cikin kwamfuta. Amma tsirkiya ba girgiza ɗaya take yi ba. A kan babbar girgizar akwai ƙanana da yawa, kuma yayin da sauti ke mutuwa sai ƙananan su rinjayi babbar, na'urar ta rikice a ƙirga, muryar ta riƙa tsalle tsakanin sama da ƙasa kamar ta yaron da ke balaga. Idan kuwa aka ba ta sautuka uku a lokaci ɗaya, ba ta san wanda za ta ƙirga ba, sai ta yi ta gurnani. Akwatin Blue Box na kamfanin MXR, wanda ke sauka oktaf biyu, ya shahara da wannan hauka, kuma Jimmy Page ya yi amfani da shi a haka a waƙar "Fool in the Rain" ta Led Zeppelin a 1979.

Kamfanin Boss na Japan ne ya rarrashi dabarar. Fedarsa mai ruwan ƙasa, OC-2, wadda ta fito a 1982, tana ba da oktaf ɗaya da biyu ƙasa cikin murya mai laushi da zurfi, mai kama da ta piyanon lantarki fiye da ta tsirkiya. Don 'yan jita aka yi ta, amma makaɗan bes ne suka rungume ta, musamman bayan Pino Palladino ya yi aiki da ita a waƙar Paul Young "I'm Gonna Tear Your Playhouse Down" a 1984. Ita ma sauti ɗaya-ɗaya take ganewa, kuma wanda bai iya kashe tsirkiyoyin da ba ya bukata ba za ta tona masa asiri. Ta fi shekara 20 a kasuwa.

Daga nan lissafi ya karɓi aiki. A 1989 DigiTech ya fitar da Whammy, jan akwatin nan na farkon labari, wanda ke mayar da sauti lambobi, ya miƙar da su ko ya matse su, ya sake mayar da su sauti. Da shi Tom Morello na Rage Against the Machine ya sa jita ƙara irin ta jiniya a 1992. Akwai abin dariya a labarin White Stripes: sun naɗi faifansu Elephant a situdiyon Toe Rag na Landan da tsofaffin na'urori, har suka rubuta a jikinsa cewa ba su yi amfani da kwamfuta ba, alhali sautin da ya fi shahara a faifan 'yar ƙaramar kwamfutar da ke ƙarƙashin ƙafar Jack White ce ta lissafa shi. A 2005 Electro-Harmonix na New York ya kawo POG, wanda ke iya ninka sautuka da yawa a lokaci ɗaya ba tare da rikicewa ba. Wannan ci gaba ne na gaske, amma ya zo da nasa aibin. Na'urar dijital sai ta tara ɗan sauti kafin ta yi lissafi a kansa, don haka amsarta na zuwa ne a bayan yatsa da ɗan ƙiris. Mai sauraro ba lalle ya lura ba, makaɗi kuwa yana ji a hannunsa.

Yadda duk wannan ya sauko zuwa dala 30 ko 40 magana ce ta doka kafin ta zama ta masana'anta. Takardar mallakar ƙirƙira, in ma an yanke ta, kimanin shekara 20 take yi ta ƙare, kuma tsarin haɗa taransista da dayod ba ya samun kariyar da littafi ko waƙa ke samu. Duk mai na'urar awo da haƙuri zai iya buɗe tsohuwar feda ya zana abin da ke ciki. Abin da doka ta fi karewa shi ne suna da kamanni. Shi ya sa a 2005, lokacin da Behringer, kamfanin asalin Jamus da ke ƙera kayansa a Zhongshan ta ƙasar Sin, ya nuna jerin fedoji masu araha, ƙarar da Roland, uwar kamfanin Boss, ya shigar ta tsaya ne a kan siffar kwanson. Aka sasanta a 2006, aka sauya siffa, fedojin suka ci gaba da fita. Kamfanonin Shenzhen irin su Joyo da Mooer suka biyo baya da nasu. A ɓangaren dijital ne kawai bangon ya tsaya, domin manhaja rubutu ce a idon doka: a 2017 Electro-Harmonix ya sanar da cewa ya yi nasara a kan Mooer a wata kotun Sin kan kwafar manhajar fedojinsa biyu, ɗaya daga ciki ta oktaf.

Saboda haka mai gwada irin wannan feda yana bukatar ya fara sanin zuriyar da ta fito. Idan jikar Octavia ce, kaushi da rikicewar sautuka biyu ba laifi ba ne, su aka saya. Idan jikar OC-2 ce, tsallen murya a sautuka mafi kauri da gurnani a kan haɗin sautuka halinta ne tun daga Japan, kuma yakan ragu idan aka sa ta a farkon layi, kafin sauran fedoji, aka ba ta sauti mai tsabta. Inda araha ke nuna kanta da gaske wasu wurare ne: shuwwar da ke tashi idan an yi shiru, makunnin da ke mutuwa bayan 'yan watanni, bakin jona waya da ke kwancewa, da kuma, a 'yan dijital, makara mai yawa da wata siririyar ƙara ta gwangwani a oktaf na sama. A nan bambancin kuɗi ke zaune, domin kwafar tsohuwar da'ira abu ne mai sauƙi, rubuta lissafi mai kyau kuwa aikin shekaru ne. Mai ƙaramin aljihu zai fi cin riba idan ya sayi kwafin tsohuwar dabara a kan ya sayi kwaikwayon sabuwa.

Kamfanin Boss kansa ya gane inda zuciyar makaɗa take. A 2003 ya maye gurbin OC-2 da OC-3 ta dijital, wadda ke iya ɗaukar sautuka da yawa, amma 'yan bes suka ci gaba da farautar tsohuwar a kasuwar kwance, farashinta na hawa. Da ya fitar da OC-5 a 2020, sai ya sa mata ɗan makunni mai matsayi biyu. Ɗaya na sabon lissafi ne. Ɗayan kuwa aikinsa shi ne ya sa na'urar ta koma ganin sauti ɗaya-ɗaya, da irin muryar ta 1982.