Ware Lokaci Domin Shirin Nesa: Darasi Daga Bakolori

Ma'ana

Aikin gaggawa shi ne wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa yau: jana'iza, mara lafiya, rufin da iska ta kwashe. Aiki mai muhimmanci kuwa shi ne wanda makomarmu ta rataya a kansa, ko da ba ya kiran kowa. Shugaban Amurka Eisenhower ya yi magana a kan wannan bambanci a 1954, Stephen Covey kuma ya yaɗa shi a 1989, inda ya kasa ayyuka gida huɗu. Gidan da muka fi sakaci da shi shi ne na aiki mai muhimmanci wanda ba na gaggawa ba, kuma a nan ne shirin nesa yake zaune.

Misalin Bakolori

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, domin noman rani a hekta 23,000 a yankunan Talata Mafara, Bakura da Maradun. An shirya shayar da hekta 15,000 da injinan feshi, hekta 8,000 kuma ta magudanan ruwa. Yashe magudana, cire ciyawa da duba injina ba su taɓa zama aikin gaggawa ba, gama idan an bar su wannan mako, ruwa zai gudana mako mai zuwa. Haka aka yi ta ɗagewa har injinan feshi suka tsaya cik, yashi da ciyawa suka toshe magudana, gonakin da ke nesa suka rasa ruwa. Sai da Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014 aka shiga babban gyara, tare da ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa domin su riƙa kula da magudanansu. Aikin da fartanya da shebur za su yi a kan kari ya koma na manyan motoci da bashi.

Magudanan ikilisiya

Mu ma muna da magudananmu: horar da matasa su gaji dattawa, mallakar takardun fili, tsara kasafin shekara, shirya wa ma'aikata ranar ritaya. Babu ɗayansu da ke kuka ranar Lahadi, amma ranar da suka yi kuka, lokaci ya ƙure. A Ayyukan Manzanni sura 6, manzanni ba su raina rabon abincin gwauraye ba. Sun danƙa shi ga mutum bakwai amintattu domin ainihin kiransu kada ya mutu.

Matakai

1. Mu tsayar da rana ɗaya kowane wata uku domin shiri kaɗai, mu rubuta ta a kalandar ikilisiya tun watan Janairu.
2. A zaman majalisar dattawa, mu fara da batun nesa kafin ƙorafe-ƙorafen mako.
3. Mu raba ayyukan gaggawa ga waɗansu, mu kuma amince musu.
4. Kowane shiri ya kasance da sunan mai ɗaukarsa da ranar da za a bincika shi.

'Yan'uwa, gaggawa ba za ta taɓa ƙarewa ba, don haka kada mu jira ta ƙare kafin mu zauna mu yi shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya.