Kare da Kyanwa a Annobar Ingila Guda Biyu

A shekarar 1665 annoba ta faɗa wa birnin Landan. Takardun ƙidayar mamata sun nuna ta kashe mutum 68,596, masana tarihi kuwa suna ganin adadin ya kusa 100,000. Hukumar birnin ta ɗauka karnuka da kyanwoyi ne ke yawo da cutar gida-gida, sai ta ba da umarni a karkashe su. Marubucin nan Daniel Defoe, a littafinsa na 1722, ya ce an kashe karnuka 40,000, kyanwoyi kuwa ninki biyar na wannan. Ko da ya yi ƙari, ai ɓarna ta auku. Sai a 1898 wani likita Bafaranshe, Paul-Louis Simond, ya nuna ƙumar jikin ɓera ce ke yaɗa cutar. Ashe dodon ɓera aka kashe, aka bar ɓera yana cin karensa ba babbaka.

To, mai karatu, dubi yadda zamani ya juya. Ran 23 ga Maris 2020 gwamnatin Birtaniya ta sa dokar kulle saboda korona. Jikokin waɗancan mutane sai ga su suna rububin sayen 'yan kwikwiyo, har kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo. Bahaushe, wanda ya saba ajiye kare don gadi ko farauta, zai yi mamaki.

Shin dabbar ta amfane su? Masana daga jami'o'in York da Lincoln sun tambayi mutum kusan 6,000 lokacin kullen. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu dabba sun ce ta ɗebe musu kewa, kuma binciken ya nuna kaɗaicinsu bai ƙaru kamar na marasa dabba ba. Ni dai a ganina, sirrin yana cikin ɗawainiya. Mai kare dole ya tashi da safe ya ba shi abinci, ya fita da shi, alhali maƙwabcinsa yana kwance ya rasa abin yi.

Amma fa ɗawainiyar nan ba ta zo ita kaɗai ba. A binciken nan dai, kashi 68 sun ce suna cikin zullumi saboda dabbobinsu: wasu don ganin likitan dabbobi ya yi wuya, wasu kuwa don ba su san wanda zai kula da ita ba in cutar ta kwantar da su.