Na Ƙarshen Shiga, Na Farkon Fita: Tarihin Layin Matuƙan Jirgin Sama

Idan ka taɓa shiga mota a tashar Jega, ka san ba a lodi sai da layi. Direban da ya riga isowa shi ake fara cika wa mota, ko da tasa ta tsufa, ta bayansa kuma sabuwa ce fil. Ranar da fasinjoji suka yi yawa, kamar lokacin da albasar Aliero ta fito kasuwa ta buɗe, kowa zai samu. Ranar da hanya ta mutu kuwa, na gaba ya cika ya tafi, na baya ya kwana a tasha.

Ni da na taso ina bin mota daga Birnin Malam zuwa Jega, na ɗauka wannan tsari na direbobi ne kawai. Ashe matuƙan jirgin sama ma da layi suke rayuwa. Bambancin shi ne, layin direba na yini ɗaya ne, gobe a sake sabo. Na matuƙi kuwa yana bin sa har ya yi ritaya. A wannan rubutu za mu ga inda layin ya samo asali, da yadda yake aiki idan harka ta tsaya, da kuma abin da ya faru da matuƙanmu a Najeriya lokacin da kamfanoninsu suka shiga matsi.

Mene ne wannan layi?

A manyan kamfanonin jiragen sama, musamman na Amurka, ranar da aka ɗauke ka aiki ake ba ka lamba. Wanda aka ɗauka kafin kai, ko da kwana ɗaya ne, yana gabanka. Wannan lamba ita ke yanke kusan komai: wane jirgi za ka tuƙa, wane gari za ka zauna, ko za ka yi sallah a gida, da kuma lokacin da za ka tashi daga kujerar mataimaki da ke dama ka koma ta kyaftin da ke hagu. Wanda ya riga ka barci dai dole ya riga ka tashi.

Idan kasuwa ta faɗi, sai a fara rage mutane daga ƙasan layi. Ba korar dindindin ake yi musu ba. Hutun dole ne ba albashi, amma lambarsu na nan. Idan harka ta dawo, a kira su bi da bi, wanda ya fi daɗewa shi ne farkon dawowa.

Za ka iya cewa, to ina adalci a nan? Me ya sa ba za a bar wanda ya fi iya tuƙi ba? Amsar tana cikin tarihi.

Daga ina abin ya faro?

A shekarar 1919, matuƙan da ke jigilar wasiƙu a Amurka sun yi yajin aiki, saboda an sallami biyu daga cikinsu da suka ƙi tashi cikin hazo mai kauri. Ka tuna jiragen wancan zamani ba su da na'urorin da ke nuna hanya cikin duhu ko gajimare. Manaja yana zaune a ofis zai ce ka tashi, kai kuma ka san idan ka tashi ƙila ba za ka dawo ba.

Irin wannan matsi ne ya sa wani matuƙi mai suna David Behncke ya jagoranci kafa ƙungiyar matuƙa ta ALPA a birnin Chicago a 1931. A 1936 aka shigar da kamfanonin jiragen sama ƙarƙashin dokar ƙwadago ta ma'aikatan jirgin ƙasa, waɗanda tun da daɗewa suke aiki da tsarin layi. A 1939 ƙungiyar ta sa hannu a yarjejeniyarta ta farko da kamfanin American Airlines.

Hikimar ita ce: idan ƙarin girma da sallama suna hannun manaja, matuƙin da ya ce "wannan jirgi bai da lafiya, ba zan tashi ba" ya san abin da zai biyo baya. Idan kuwa lamba ce ke yanke hukunci, zai iya cewa a'a ba tare da fargaba ba. Batun gwaninta kuma, ai kowane matuƙi sai ya ci jarrabawa iri ɗaya a kai a kai kafin a bar shi ya ci gaba da aiki. Ka ga kenan layin yana kare fasinja kamar yadda yake kare matuƙi.

Inda layin ke da rauni

Matsalar ita ce lambar ta kamfani ce. Ba ka tafiya da ita. A 1978 gwamnatin Amurka ta cire hannunta daga ƙayyade farashin tikiti da hanyoyin jirage, gasa ta yi zafi, tsofaffin kamfanoni suka fara tangal-tangal. A 1991 manya biyu suka rufe, Eastern da Pan Am. Kyaftin da ya shekara ashirin da biyar yana ƙetare teku, idan ya nemi aiki a wani kamfani, sai ya koma ƙarshen layi, bayan yaron da aka ɗauka watan jiya, da albashin sabon shiga.

Haɗewar kamfanoni ma rigima ce. Lokacin da American Airlines ya sayi TWA a 2001, an jera ma'aikatan TWA da yawa a ƙasan layi. Watanni kaɗan bayan haka aka kai harin 11 ga Satumba, fasinjoji suka ƙaurace wa jirgi, aka tura dubban matuƙa hutun dole. Ka san su wa aka fara da su. Ƙorafin da ya biyo baya ne ya sa majalisar Amurka ta yi doka a 2007 cewa idan kamfanoni suka haɗe, dole a haɗa layinsu bisa adalci, in an kasa daidaitawa a je gaban mai sulhu. A ƙarshen wannan shekara kuma aka ɗaga shekarun ritayar matuƙa daga 60 zuwa 65. Na sama suka ƙara shekara biyar a kujera, na ƙasa suka ƙara shekara biyar suna jira.

Mu dawo gida

Jirgi ya fara sauka a Kano a 1925. A 1946 Turawan mulkin mallaka suka kafa kamfanin WAAC domin Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, daga cikinsa ne Nigeria Airways ya fito a 1958. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda ta horar da matuƙa da injiniyoyi masu yawa. Tambayi duk wani dattijon da ya yi aikin Hajji a shekarun 1970 ko 1980, zai ba ka labarin jirgin nan mai tambarin giwa da fukafukai.

A wancan lokaci, shiga Nigeria Airways kamar shiga aikin gwamnati ne: gida, fansho, da tabbacin cewa idan ka yi haƙuri layi zai kai ka kujerar hagu. Sai bashi da rashin iya tafiyarwa suka ci kamfanin sannu a hankali. An ma kawo kamfanin KLM na Holan ya riƙe shi daga 1979 zuwa 1981, amma gyaran bai ɗore ba. Jirage suka yi ta raguwa har ya daina tashi a 2003, gwamnatin Obasanjo ta rushe shi gaba ɗaya a 2004.

Wannan ya fi hutun dole muni, domin babu kamfanin da zai sake kiran kowa. Ma'aikata kusan 6,000 suka koma bin haƙƙinsu ofis-ofis. An biya wani kaso a zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, sannan sai a 2018 gwamnatin Buhari ta saki sama da naira biliyan 22, wanda shi ma rabin abin da aka amince ne. Lissafa da kanka: shekara goma sha huɗu bayan rushe kamfanin. Da yawa sun rasu ba su ga kuɗin ba.

Kamfanoni masu zaman kansu sun cike gurbin, kuma Arewa ta taka rawa sosai: Kabo Air a Kano, Chanchangi a Kaduna, daga baya Max Air da Azman. Sai dai kamfanin jirgi a Najeriya bai cika yin tsawon rai ba. Okada ya zo ya wuce, haka Bellview, haka Air Nigeria da ya rufe a 2012. Arik, wanda ya taɓa zama mafi girma a ƙasar, hukumar AMCON ta karɓe shi a Fabrairun 2017 saboda bashi. Duk kamfanin da ya mutu, layinsa ya mutu tare da shi.

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce idan za a rage ma'aikata, a sanar da ƙungiyarsu, a bi ƙa'idar na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana. To amma wannan doka, a inda ta fayyace wane ne "ma'aikaci", ta cire waɗanda ke aiki a cikin jirgin ruwa ko jirgin sama. Wato leburan da ke ɗaukar kaya a ƙasa yana iya kafa hujja da sashen, kyaftin da ke sama kuwa abin da ya dogara da shi shi ne takardar kwantiraginsa da yarjejeniyar da ƙungiyarsa, NAAPE, ta ƙulla da kamfani.

Shekarar korona

A ranar 23 ga Maris 2020 aka rufe filayen jiragen Najeriya ga jiragen ƙasashen waje, na cikin gida ma suka tsaya, ba su dawo ba sai 8 ga Yuli. A watan Afrilu Arik ya yanke kashi 80 cikin ɗari na albashi, ya kuma tura kashi 90 na ma'aikatansa hutu ba biya. A watan Agusta Air Peace ya sallami matuƙa kusan 70 bayan taƙaddama kan albashi, kamfanin jirage masu saukar ungulu na Bristow kuma ya sallami matuƙa da injiniyoyi kimanin 100 ana tsakiyar rikici da NAAPE.

Dubi yadda aka yi a wasu wurare a wannan shekarar. A Ingila, British Airways ya ce zai rage matuƙa 1,255. Ƙungiyarsu ta amince da ragin albashi na kashi 20 na wucin gadi, adadin ya sauko zuwa kusan 270. A Amurka, United ya shirya tura matuƙa 2,850 hutun dole, sai matuƙan suka kaɗa ƙuri'a kowa ya rage sa'o'in aikinsa don kada a taɓa kowa. Gwamnatinsu ma ta ba kamfanonin fasinja dala biliyan 25 na biyan albashi, da sharaɗin ba za a sallami kowa ba har ƙarshen Satumba.

Kada ka ɗauka tausayi ne kawai ya sa kamfanonin suka yarda. Lissafi ne. Matuƙi ba ya tuƙa kowane jirgi, kowane nau'i da nasa horo da shaidarsa. Idan ka cire mutum ɗari daga ƙasan layi, kujerunsu ba za su zauna wayam ba. Dole ka sauko da waɗanda ke samansu, su ma ka cike nasu gurbin, kowane ɗaya sai ya yi makonni a aji da cikin na'urar kwaikwayon tuƙi. Idan kasuwa ta dawo, ka sake biyan kuɗin mayar da kowa inda yake. Saboda haka gajeren hutun dole yakan ci kuɗi fiye da abin da ya tara, kuma da wannan hujja ƙungiya ke zama teburin ciniki. Inda babu layin da aka rubuta a yarjejeniya, kamfani zai zaɓi wanda yake so ya sallama kai tsaye, ƙungiya kuma sai ta koma ga yajin aiki.

Shi kuma wanda aka zaunar a gida, ƙwarewarsa na da wa'adi. Ƙa'ida ita ce sai ya tashi ya sauka sau uku cikin kwana 90 kafin ya ɗauki fasinja, ga gwajin na'ura sau biyu a shekara, ga gwajin lafiya. Idan kamfani ya sake shi, shi zai biya wa kansa, kuma matuƙan Najeriya sun daɗe suna fita waje yin gwajin na'urar, da dala. Wanda ya kasa biya, yana ji yana gani lasisinsa zai kwanta. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙwararrunmu da yawa suka koma kamfanonin ƙasashen Larabawa.

Abin da ya shafe ka

Wataƙila kana da ƙane ko ɗa da ke mafarkin zuwa Zariya, kuma a gida ana shawarar a sayar da gona ko shanu a biya masa. Sana'a ce mai daraja, kada ka hana shi. Amma idan ya gama ya samu tayin aiki, ya tambayi abin da ya wuce albashi: akwai layi a rubuce? Idan an rage mutane, da wace ƙa'ida, kuma akwai haƙƙin a sake kiransa? Wa zai biya kuɗin gwajinsa idan yana zaune a gida? Kamfanin ya yarda da ƙungiya?

Ko ba ka da kowa a harkar, duk shekara alhazanmu na Jega da Aliero da Maiyama suna tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi. Mutumin da ke kujerar hagu a gaban jirgin, muna so ya zama wanda zai iya cewa "yau ba za mu tashi ba" idan ya ga abin da bai kwanta masa ba, ba tare da tunanin takardar sallama ba.