Daga Jirgin Kara zuwa Jirgin da Rediyo ke Sarrafawa

Tun ranar 1 ga Nuwamba, 1925, sa'ad da jirage uku na mayaƙan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar bisa jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a filin sukuwar Kano, sha'awar jirgin sama ta zauna a zukatan mutanen ƙasar nan, har ya zama al'ada ga yaran karkara, a Gwarzo da Kabo da ƙauyukansu, su fere karan dawa bayan girbi suna siffanta abin da suka hango a samaniya. Kabo kuwa ta sami rabo na musamman a wannan babi, domin ɗanta, Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda ya riƙe sarautar Jarman Kano, shi ya assasa kamfanin Kabo Air a 1980.

Sai dai siffanta jirgi ya fi juya akalarsa sauƙi. A 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'ar New York ƙaramin jirgin ruwa da ke bin umarninsa ba tare da waya ba; a 1937 tagwayen nan na Amurka, Walter da William Good, suka tashi ƙaramin jirgin sama da rediyo; amma sai bayan ƙirƙiro transista a 1947 kayan rediyon suka yi rashin nauyi da arahar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya haɗa su a zaurensa. Asalin hikimar ita ce, na'urar da ke hannun mai tuƙi tana aika bugun lantarki kamar sau 50 a daƙiƙa, ta cikin jirgin ta karɓa, tsawon kowane bugu kuwa shi ke hukunta iyakar karkatar fiffike ko wutsiya.

Wannan ilmi, alhamdu lillahi, yana da silsila a wurinmu, domin masu gyaran rediyo, waɗanda suka gaji narka dalma da gwajin batir daga iyayen gidansu, sun riga sun mallaki rabinsa; kuma a 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin mota. Abin da ya rage shi ne ƙa'ida da hisabi, waɗanda dominsu aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977. Wajibi ne hukumomin Gwarzo da Kabo su sada malamin kimiyya da mai gyaran rediyo a ɗaki guda, su ba su almajirai da kayan aiki.