Zamanin Bin Layi

Yau tarihi zan ɗan taɓo mana, na wani yaƙi da aka yi a ƙasar nan ba da bindiga ba, da bulala.

A watan Maris na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari da mataimakinsa Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi Da Rashin Ɗa'a, wanda aka fi sani da WAI. Abin da ya ba ni mamaki, ba da manyan ɓarayi shirin ya fara ba, da bin layi ya fara. Lokacin ana ƙarancin kayan masarufi, madara, sukari, sabulu, shinkafa, sai an yi dogon layi ake samu. To kin san halinmu, mai ƙarfi ya ture marar ƙarfi, wata ta zo daga baya ta kutsa don ta san mai rabo, tsohuwar da ta yi sammako ta koma gida hannu rabbana. Wadda ta kutsa ɗin fa ba ta jin ta yi laifi, cewa za ta yi ai wayo ne. Sai ga soja da bulala, nan da nan layi ya miƙe sambal a tasha da banki da asibiti. Ma'aikacin da ya makara kuwa, tsallen kwaɗo.

Kashi na biyar na shirin, wato tsabtace muhalli, a Kano aka ƙaddamar da shi a watan Yulin 1985. Nan ne maganar ta iso ƙofar gidajenmu. Iyayenmu suna ba mu labarin yadda aka yashe kwatami, aka kwashe bola, har lungun da aka daɗe ana toshe hanci ya koma abin sha'awa. Sai dai wallahi in kin duba, wa ya cika kwatar tun farko? Ba gwamnati ba ce. Mu ne muke ba yaro shara mu ce je ka zubar, mun kuma san sarai a bayan katangar maƙwabta zai juye. Mu ne muke sako ruwan wanki ya kwanta a ƙofar wata, sauro ya samu gida, ɗanta ya kwanta zazzaɓi, mu kuma yafa mayafi mu shiga yi mata sannu.

Ni dai a ganina soja ya gyara abin da idonsa ya kai ne kawai. Bai shiga tsakar gida ba, bai ga mudun da aka bubbuge gindinsa ba, ballantana habaicin da ake yar wa kishiya a bakin murhu.

A ƙarshen watan Agustan 1985 aka yi juyin mulki, bulala ta kwanta, layi ya fara karkacewa. An sake gwadawa, Babangida ya kawo MAMSER a 1987, Malam Ibrahim Shekarau ya kawo A Daidaita Sahu a Kano a 2004, su da wa'azi da jan hankali maimakon duka. Ko da waccan tsabtar ta Asabar ɗin ƙarshen wata ta ɗore a garuruwa da dama, sau tari abin da aka yaso daga kwata a gefenta ake tara shi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito.